Maƙalar Mako: Tarihin Rigimar Sukari, Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Janeba

 

Maƙalar wannan makon a kan sukari take. Mun san wani zai ce me ya haɗa marubuci da buhun sukari, ai wannan zancen 'yan kasuwa ne. To a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe. Duk shekara idan azumi ya matso, daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zuwa Kawo da Unguwar Sarki, hirar magidanta ɗaya ce: nawa buhu ya kai, nawa mudu ya koma. Mukan ga laifin mai shago, mai shago ya nuna dillali, dillali ya nuna kamfani, kamfani ya nuna dala. A nan zancen yakan tsaya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Fiye da shekara 200 ke nan gwamnatocin duniya na sa hannu a harkar sukari, kowace tana tallafa wa nata, suna kuma kai juna ƙara. Duk ƙasar da ta yi suna a sukari da hannun gwamnatinta ta tashi, har da masu kai ƙarar. Tamu gwamnatin ma ta sa nata hannun. Abin da muke so mu bincika tare shi ne, wa wannan hannun ya ɗaga?

KAFIN SUKARI YA ZAMA NA KOWA

Kakanninmu da zuma suka san zaƙi, sai rake da takanɗa da dabino. Alkaki da nakiya na gidan biki da zuma ake yin su. Ita kanta kalmar sukari daga Larabci muka aro ta, kuma ta hanyar da kalmar ta shigo, ta nan kayan ya shigo: a bayan raƙuman fatake, daga Tarabulus a bi ta Gadamas a ratso Sahara. Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, kuma cikin kayan Turai da ya lissafa ana sayarwa a kasuwar birnin akwai sukarin Faransa. A wancan zamanin abin marmari ne na sarakuna da attajirai. Talaka sai dai ya ji labari.

Mu riƙe sunan Faransa ɗin nan, za mu sake haɗuwa da shi.

RIGIMAR FARKO

Rake ba ya yi a ƙasar sanyi. Sukarin da Turawa suka fara arziki da shi daga tsibiran Karibiyan da Birazil yake, inda bayin da aka kwasa daga Afirka suka noma rake da jininsu. A ɗauko ɗanyen sukarin a jirgin ruwa, a tace shi a biranen Turai, a sayar wa duniya.

Yaƙi ne ya sauya lissafin. A 1806 Napoleon na Faransa ya hana kayan Ingila shiga nahiyar Turai, jiragen yaƙin Ingila su kuma suka tare teku, sukari ya yi ɓatan dabo a kasuwanni. Dama tun 1747 wani masani a Jamus, Andreas Marggraf, ya gano ana iya fitar da sukari daga wani farin tushe mai kama da ƙaton karas, wanda ke yi a ƙasar sanyi. Mu kira shi dankalin sukari. A 1811 Napoleon ya ba da umarnin a noma shi da yawa, a kafa masana'antu. Yaƙi ya ƙare, masana'antun suka zauna, kuma ba za su iya gogayya da rake ba sai gwamnati ta riƙe su.

Dabarar da Jamus da Faransa da Ostiriya suka ɓullo da ita ita ce tukuici a kan duk sukarin da aka fitar waje. Bari mu buga misali da kuɗinmu don a gane. A ce buhu ya ci maka naira 100 kafin ka gama shi. Gwamnati ta ce in ka fitar da shi waje za ta ba ka naira 30. Ka ga kana iya sayar da shi 80 ka tashi da riba. Mai rake a wata ƙasa da ya kashe 85 kacal, wato ya fi ka iya aikin, shi zai koma gida da asara. Talakan ƙasarka kuwa sau biyu zai biya: da harajinsa aka ba ka tukuicin, sannan a shagon unguwarsu ya sayi sukarin da tsada, don an rufe iyaka an hana na waje shigowa. Da wannan dabara, kafin ƙarni na 19 ya ƙare, fiye da rabin sukarin da ke shiga kasuwar duniya na dankali ne.

Da farko Ingila murna take yi. Sukari ya yi araha a Landan, masu yin biskit da alewa suna ta cin kasuwa. Sai kuka ya taso daga ƙasashen da take mulka: Jamaika, Barbados, Giyana. Gonakin rake na durƙushewa, kuma masu gonakin Turawan Ingila ne masu faɗa a ji. A 1897 aka tura kwamitin bincike tsibiran. A 1899 gwamnatin Ingila a Indiya ta ɗora kuɗin fito na ramuwa a kan duk sukarin da ya ci tukuici. Da ƙasashen Turai suka ga Ingila da gaske take, kuma su ma baitulmalinsu ya fara jin jiki, sai aka zauna a Burasels, babban birnin Beljiyam, aka sa hannu a yarjejeniyar soke tukuicin a watan Maris na 1902. Har kwamitin dindindin aka kafa mai duba ƙasar da ta karya doka, abin da za a iya kira kakan kotunan ciniki na yau.

Yarjejeniyar ta fara aiki a watan Satumba na 1903. Duk ɗalibin tarihin Arewa ya san wannan shekarar: Kano ta faɗi a Fabrairu, Sakkwato a Maris. Sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila a lokacin, Joseph Chamberlain, wanda ya tsaya tsayin daka a kan soke tukuicin sukari, ofishinsa ne Lugga ke aika wa rahoto. Teburi ɗaya ne ake kare manomin rake na Giyana a kansa, ake kuma karɓar labarin cin ƙasar Hausa.

RAKENMU DA MAZARƘWAILA

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Daga nan raƙumi ya sauke kayan sukari, jirgi ya ɗauka. Ta Ikko yake shigowa, ya sauka a kantunan John Holt da UAC da CFAO, daga can ya bazu zuwa teburin mai shayi da kofin koko.

Amma ba zaune muke hannu rabbana ba. A fadamun ƙasar Zazzau, wajajen Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi da Ikara da Anchau, ana noman rake, kuma a zamanin Turawa sana'ar mazarƙwaila ta kafu sosai. Injin matsa ne na ƙarfe, a ɗaura wa doki ya yi ta zagaye, ruwan rake na tsiyaya. A zuba a manyan kasake a yi ta dafawa da tukar raken da aka matse, har ya yi kauri, a juye a 'yan ƙananan mazubai ya daskare. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwa suka yi wuya kayan Turai suka yanke, sana'ar ta ƙara bunƙasa. Har yau tana nan. Raken da muke gani a baro a Tudun Wada da Badarawa, da mazarƙwailar da tsofaffinmu ke jefawa a kunu, mafi yawa daga wannan yankin suke.

Akwai bambancin da ya kamata mai rubutu ya sani. Raken sha mai taushi ne, ruwa ya fi yawa a cikinsa. Raken masana'anta siriri ne mai tauri, shi ya fi sukari. Saboda haka ba za a ce a kwashi raken Maƙarfi yadda yake a kai babbar masana'anta ba. Abin da Maƙarfi ke da shi wanda kuɗi ba ya saya a rana ɗaya shi ne mutanen da suka gaji noman rake, suka san ƙasarsa da ruwansa da ciwonsa. Iri kuwa ana sauya shi, kuma akwai cibiyar binciken gwamnati a Badeggi ta Jihar Neja da aka ɗora wa aikin binciken rake.

BACITA DA NUMAN

Da aka sami 'yancin kai, shugabanninmu sun yi tunanin mu daina sayen abin da ƙasarmu za ta iya yi. A 1961 aka kafa kamfanin sukari a Bacita, kusa da kogin Kwara, a Lardin Ilori, lokacin yana cikin Jihar Arewa da ake mulka daga nan Kaduna. Ya fara fitar da sukari a 1964. Kamfanin Ingila da aka ɗauko ya tafiyar da shi sunansa Booker, wanda ya mamaye noman rake a Giyana har ana yi wa ƙasar laƙabi da sunansa.

'Yan uwa, wannan sunan ba baƙo ba ne a wurin marubuci. Shi ne kamfanin da ya ɗauki nauyin gasar adabi ta Booker da aka fara bayarwa a 1969, wadda Ben Okri, haifaffen Minna, ya ci a 1991. A 1972 marubucin da ya ci gasar, John Berger, ya tsaya a gaban taron karramawa ya soki yadda kamfanin ya tara dukiya a Karibiyan, ya kuma raba kuɗin kyautar biyu ya ba ƙungiyar baƙaƙen fata masu fafutuka a Ingila rabi. Wanda ya ce babu ruwan adabi da sukari, ga amsarsa nan.

Bayan Bacita sai Numan, a Jihar Adamawa ta yau, inda kamfanin Savannah ya fara aiki a 1980, aka gina masa madatsar ruwa ta Kiri a kan kogin Gongola don ban ruwa. An kuma ɗora harsashin wasu a Lafiyagi da Sunti.

Sai dai waɗannan jarirai an haife su a mugun lokaci. A 1968 ƙasashen Tarayyar Turai suka dawo da tsohuwar dabara cikin sabuwar riga. Suka yanka wa manomansu farashi mai tsoka, wanda sau da yawa yakan ninka na kasuwar duniya har sau uku. Suka toshe iyaka da kuɗin fito. Rarar da ta yi musu yawa kuma su biya 'yan kasuwa cikon kuɗi su fitar da ita waje a karya farashi. Nahiyar da ta fi kowa kashe kuɗi kafin ta yi buhu ɗaya, ita ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da farin sukari.

A 1975 aka sa hannu a yarjejeniyar Lome tsakanin Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. A ciki Turai ta yi alkawarin sayen kusan tan miliyan 1.3 na sukari duk shekara a farashinta mai tsada daga ƙasashe irin su Morishiyos da Fiji da Giyana da Jamaika. Najeriya na cikin yarjejeniyar Lome, amma ba ta da sukarin sayarwa. Mu a layin masu saye muke. Kuɗin mai ya shigo, naira na da ƙarfi, shigo da kaya ya fi noma shi sauƙi. Shuɗin kwalin nan na St Louis da iyayenmu suka tashi da shi a teburin mai shayi da kayan gara, na kamfanin Faransa ne, sunan ma na wata unguwa ce a birnin Marsai inda matatar take a da. Abin da Barth ya gani a Kano a 1851 bai sauya ba, hanya ce kawai ta sauya. Ƙungiyar Oxfam, a rahotonta na 2002 kan sukarin Turai, ta ambaci Najeriya da Aljeriya cikin kasuwannin da ake jibge wa wannan rarar.

Adalci shi ne mu faɗi namu kason. Ba Turai kaɗai ta kashe Bacita ba. Akwai sakacin shugabanci irin na kamfanonin gwamnati, akwai injuna da suka tsufa ba gyara, ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya naira, kayan gyara suka gagara saye. Gwamnati ta kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, amma kafin shekarun 1990 su ƙare masana'antun sun zama kufai ko sun kusa. Daga baya aka sayar da su: Numan ta koma hannun Dangote a farkon shekarun 2000, Lafiyagi ta koma hannun BUA, Sunti ta koma hannun Flour Mills. Mu mutanen Kaduna ba ma buƙatar dogon bayani a kan yadda masana'anta ke mutuwa. Mu ƙetare gada mu dubi masaƙun Kakuri, sun ishe mu wa'azi.

SHARI'AR JANEBA

A ranar 1 ga Janairu 1995 aka kafa Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato WTO, mai hedikwata a Janeba ta ƙasar Suwizalan, kuma Najeriya na cikin waɗanda aka fara da su. Kowace ƙasa ta rubuta iyakar tallafin da za ta riƙa bayarwa. Turai ta yi alkawarin sukarin da za ta fitar da tallafi ba zai wuce tan miliyan 1.27 da 'yan kai a shekara ba.

A watan Satumba na 2002 Birazil da Ostareliya suka shigar da ƙara, Tailan ta bi sahu a 2003. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, Turai na fitar da wani sukari da take cewa babu tallafi a kansa, alhali ribar da manomi ya ci a kason da aka saya masa da tsada ita ke ba shi damar zubar da ragowar ƙasa da abin da ya kashe. Kamar mai shago ne da gwamnati ta biya masa haya da albashin yara, sannan ya rantse shi ba a ba shi komai a kan kayan da ya karyar ba. Ta biyu, Turai na sayen sukarin ƙasashen Lome, sannan ta fitar da kwatankwacinsa da tallafi, ta ƙi sa shi a lissafi.

Kwamitin alƙalai ya yanke hukunci a Oktoba 2004, Turai ta ɗaukaka ƙara, aka sake kayar da ita a Afrilu 2005. Daga Yuli 2006 ta fara rage farashin da take yanka wa sukari, ragin da ya kai kashi 36 cikin 100 a cikin shekara huɗu. Masana'antu da dama suka rufe, Turai ta koma mai sayowa fiye da sayarwa, kuma a ƙarshen Satumba 2017 ta soke tsarin kason gaba ɗaya.

To wa ya ci ribar shari'ar? Ƙananan ƙasashen da suka dogara da farashin Turai su suka fara ji a jikinsu. Tsibirin Sen Kits, bayan ɗaruruwan shekaru yana noman rake, ya rufe masana'antarsa a 2005. Wadda ta kwashi garaɓasa ita ce Birazil. Laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun 1933 Birazil ke da hukumar gwamnati mai yanka farashi da raba kason sukari, ba a rushe ta ba sai 1990. A 1975 kuma ta ƙaddamar da shirin yin man mota daga rake, ta zuba rance mai sauƙi da kuɗin bincike, ta tilasta gauraya shi da fetur. Sai da masana'antarta ta yi ƙarfin da ba mai iya ja da ita, sannan ta tafi kotu tana neman kowa ya cire hannu.

INDIYA DA KOTUN DA BABU ALƘALI

Shari'a ta biyu ta fi kusa da halin da muke ciki. A Indiya miliyoyin ƙananan manoma ne ke noman rake, kuma gwamnati ce ke yanka mafi ƙarancin kuɗin da masana'anta za ta biya manomi. Suna kuma yin irin mazarƙwailarmu, sana'a ce babba a ƙauyukansu. A 2019 Birazil da Ostareliya da Gwatamala suka kai ta ƙara. Dokar WTO ta yarda ƙasa mai tasowa ta tallafa wa amfanin gona har kashi 10 cikin 100 na darajarsa, su kuma suka ce Indiya ta zarce nesa ba kusa ba, ga kuma tallafin fitarwa. A ranar 14 ga Disamba 2021 alƙalai suka ba masu ƙara gaskiya. A lokacin 'yar Najeriya ce, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantar ƙungiyar, tun watan Maris na shekarar.

Indiya ta ce ta ɗaukaka ƙara. Sai dai kotun ɗaukaka ƙarar ta daina zama tun Disamba 2019, saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai. Ƙara ta tafi inda babu mai sauraro, hukunci ya rataya, manomin Indiya ya ci gaba da karɓar farashinsa. Ita Amurkar kuwa, mai yi wa duniya huɗubar sakin kasuwa, tun 1934 take ƙayyade yawan sukarin da zai shiga ƙasarta don kare manomanta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

NAMU HANNUN

Babu ƙasar da ta taɓa kai Najeriya ƙara a kan sukari. Dalilin a fili yake: ba a kai mai saye kotu. Bayan shekarar 2000, da Dangote ya buɗe matatarsa a Apapa, BUA da Flour Mills suka biyo baya, sai muka rage sayen farin sukarin Turai muka koma sayen ɗanyen sukarin Birazil ana tacewa a bakin teku. Wato wadda ta ci shari'a a Janeba ita ta gaji kasuwarmu.

A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta amince da babban shirin sukari na shekara goma, ya fara aiki a Janairu 2013. Ga yadda cinikin yake. An ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan tataccen sukari, an hana shigo da na kwali, aka ba masu matatu izinin shigo da ɗanye a kan haraji mai sauƙi. Su kuma sharaɗinsu shi ne su zuba jari a gonakin rake har ƙasa ta ciyar da kanta. A 2021 Babban Banki ya fito fili ya ce kamfanoni ukun nan kaɗai aka yarda su shigo da sukari. Wannan ma tallafi ne, ko da ba a ƙirga wa kowa kuɗi a hannu ba. Mai biyansa shi ne duk wanda ya sayi ƙullin sukari a shagon unguwa, kamar dai talakan Jamus na ƙarni na 19.

An yi wani abu, ba a ce ba a yi ba. Numan na aiki, an buɗe masana'antar Sunti a 2018. Amma shekara goman ta cika, ƙasar da ke shan fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara ba ta noma ko kashi 10 cikin 100 na abin da take sha ba. A 2022 aka amince a ƙara wa shirin wata shekara goma.

Rigimar sukarin da muka gani da idonmu ma a cikin gida aka yi ta. A farkon 2021 Dangote da Flour Mills suka rubuta wa ministan ciniki takardar ƙorafi a kan sabuwar matatar BUA ta Fatakwal, suna cewa ta saɓa wa shirin. BUA ta mayar da martani mai zafi, jaridu suka ɗauka. Da yake Alhaji Aliko Dangote da Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u duk 'yan Kano ne, sai gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, da Alhaji Aminu Dantata suka zaunar da su a Abuja cikin azumin shekarar, a watan Afrilu, aka yi sulhu. Sulhu alheri ne. Sai dai mu lura da waɗanda suka zauna a wancan ɗakin, mu lura da waɗanda babu kujerarsu. Babu manomin rake, babu mai dafa mazarƙwaila, babu uwar gidan da ke auna cokali.

Wannan shi ne abin da tarihin ya nuna mana. Faransa ta kare manomin dankalinta. Indiya ta gwammace a kayar da ita a kotu da ta saki manomin rakenta. Birazil ta zuba kuɗi a gona da bincike kafin ta nemi kasuwa. Mu kuwa katangar da muka gina ta fi yi wa matatar bakin teku inuwa, raken da take tacewa kuma wani manomi ne a wata nahiya ya noma shi. Dokar kashi 10 da aka kama Indiya da ita ta bar mana fili mai faɗi da za a ba manomin Maƙarfi iri da ban ruwa da ƙaramin injin zamani ba tare da kowa ya ce uffan a Janeba ba. Ba mu ce a cire kariya ba, domin mun ga abin da ya sami Bacita da babu ita. Cewa muke, tunda mu ke biya, muna da haƙƙin tambayar inda take sauka.

ABIN DA YA SHAFE MU MARUBUTA

A littattafanmu da yawa, Alhaji hamshaƙin ɗan kasuwa ne, shi ke nan. Yana da gida a Unguwar Rimi, yana tafiya Dubai, amma mai karatu zai gama littafin bai san me Alhaji ke sayarwa ba, balle yadda takardar izini guda ɗaya daga Abuja ke iya ɗaga gida ko ta rushe shi. Talakan labarin ma talaka ne kawai, ba a gaya mana sana'ar da ta mutu a hannun ubansa ba. A nan ne labari mai nauyi yake kwance. Ɗan ma'aikacin Bacita da ya tashi a gidajen kamfani ya ga ranar da injin ya yi shiru, labari ne. Yarinyar da aka fasa kai garar ta don buhu ya tashi, labari ne. Dattijon da ya sayar da dokin injinsa, labari ne.

Kuma kayan aikin na kusa da mu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan a titin Yakubu Gowon, cike da rahotannin lardunan Arewa na zamanin Turawa, har da na Lardin Zazzau. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, yana titin Rabah da ɗakin karatunsa. Maƙarfi tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuma dattawan da suka yi aikin mazarƙwaila da doki suna raye, hira kawai suke jira. Sharaɗin dai shi ne wanda muke maimaitawa kullum a wannan zaure: shekara ko adadi ko sunan da ba mu tabbatar ba, kada mu sa shi a takarda.

Aikin wannan makon: kowa ya zaɓi abu ɗaya daga madafin gidansu, gishiri ne, ko man gyaɗa, ko shinkafa, ko ashana, ya bi sawunsa ya gano daga ina yake zuwa, wa ke yin sa, da can kuma wa ke yi. A rubuto abin da bai wuce kalma 300 ba a ajiye a ƙarƙashin wannan maƙala kafin Juma'a. 'Yan uwanmu na Maƙarfi da Kudan da Ikara, ku muka fi jira, ku kawo mana sunayen irin rake da kalmomin masu mazarƙwaila yadda ake faɗinsu a can, don mu taskace su. Wanda kuma yake da gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya sa albarka a alƙalumanmu, Ya sauƙaƙa wa magidanta, Ya ba manomanmu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.